Taku Ɗari Uku Daga Bakin Ƙofa

…huɗu ne na farko, wannan kam ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Taku huɗu daga bakin ƙofa, Uɗaridu ke nan, ƙaramar duniyar da ta fi kowace kusa da rana. Malam yana tsaye a kan simintin da ya rufe kwata, makulli a hannu. Ya kulle ƙofar kuwa? Ya kulle. Ya taɓa kwaɗon, ya ji sanyinsa a tafin hannu… ko jiya ce ya taɓa? Yana komawa. A kulle take. To, a sake daga farko.

Ƙofar gidan ita ce rana. Haka ya tsara tun shekarar da ya ajiye alli. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da darasin nan a filin makaranta, ba ya son yin sa a allo, don allo maƙaryaci ne, yana jera duniyoyi kusa da juna kamar ƙwai a faranti. Shi lemo ɗaya yake ɗorawa a kan kujera, ya ce ga rana. Kowane taku kilomita miliyan goma sha biyar. Daga nan a fara tafiya, ana ajiye ɗalibi a gurbin kowace duniya. Da ya bar aiki, filin ya zama na wani, sai ya kwaso duniyoyin ya shimfiɗa su a kan layin gidansu. Marigayiya matarsa tana leƙe ta taga tana dariya. Malam, mutane fa za su ce ka taɓu.

Bakwai — Zuhura, turken wutar lantarki. Goma — Duniya, ƙofar maƙwabci. Goma sha biyar — Marriku, famfo. Duk a cunkushe suke nan kusa da gida, suna shan ɗumi. Abin da yara ba sa yarda da shi ke nan sai sun taka da ƙafarsu: huɗun farko a ƙofar gida suke, sauran kuwa…

Tabarau. Tabarau zai karɓo. Ya maimaita, kada ya sulale. Ƙafar tabaraun ce ta karye, mako uku ke nan yana wajen mai gyaran agogo, kuma rumfar mai gyaran agogo ita ce Naftun, taku ɗari uku cif. A ɗari da casa'in da biyu a karya kwana hagu. A dawowa a karya dama. Me ya fi wannan sauƙi?

Auta, 'yarsa, za ta zo ƙarfe goma sha biyu. Yau Asabar ce ai… Asabar ce, yara ba su wuce da kayan makaranta ba. Za ta same shi a kujerarsa, tabarau a fuska, littafi a cinya. Baba, wa ya karɓo maka? Ni. Ni da ƙafata. Ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sau biyu ke nan, Baba. Tana tsaye a tsakar ɗaki ranar, jakarta ma ba ta ajiye ba, idonta ya yi ja. Sau biyu ana tsinto ka a titi. Wallahi in aka yi na uku, kwaɗo zan sa wa gidan nan in tafi da kai, ka yi fushin da za ka yi. Ba da tsawa ta faɗa ba. Da ma tsawar ta yi. Ya ga ɗakin da ta tanadar masa, hawa na uku, taga ɗaya tana kallon bangon wani gini. Gado mai kyau, ba laifi. Littattafai fa? Sai ka zaɓi kwali biyu, Baba. Kwali biyu… Keken ɗinkin uwarta fa, wa zai hau da shi bene? Ƙofar da aka auna komai daga gare ta fa?

Arba'in da tara, hamsin, hamsin da ɗaya, hamsin da biyu. Mushtari, shagon tela.

Babu tela. Ga shagon can gaba, ana jin ƙarar kekensa, amma da sauran tafiya. Ya matsa da shagon ne? Mutanen yanzu ba sa zama wuri ɗaya. Ko shi ne ya tsallake wasu lambobi, daga talatin ya faɗa arba'in? Yana yiwuwa. Tun faɗuwar da ya yi a banɗaki da damina, abubuwa sukan… A'a. Kan ne ke zuba, lissafi ba ya zuba. Suna yakan gudu, fuska takan gudu, ranar nan ya tsaya da cokali a hannu yana neman sunansa har abinci ya huce. Amma lamba tana nan inda aka ajiye ta. Hamsin da biyu ne tun kafin a haifi kakan kakansa.

Saba'in da ɗaya, saba'in da biyu —

"Malam! Malam! Ranka ya daɗe!"

Wani ƙato ne ya fito daga rumfar walda, baƙin gilashi a goshi, yana goge hannu a wando. Furfura a gemunsa. Waye?

"Ba ka gane ni ba? Mushtari ne! Ni kake ajiyewa a hamsin da biyu, ka ce duk ajin ba wanda ya kai ni cika wuri."

"Kai ne ƙaton nan?"

"Har yanzu, Malam, sai ma abin da ya ƙaru. Ina zuwa haka kai kaɗai? Bari in kashe injin in raka ka."

"Ka raka ni? A layin da na auna da ƙafata?"

Ƙaton yana dariya, yana rusunawa, yana komawa cikin tartsatsinsa. Kirki gare shi. Amma ya tafi da lissafin. Saba'in da nawa ne? Ko tamanin? Shi ke nan, ya zube. Ba komai… ƙafa ta san hanya, a bar ta ta ja. Ga kantin magani, Zuhalu mai zobe, casa'in da biyar. Can gaba ga mahaɗa. Hagu. A dawowa zai ƙirga da kyau, ba zai amsa gaisuwar kowa ba, ko wane ne.

Nisa dai. Da can ba haka yake da nisa ba.

Mai gyaran agogo yana cikin akwatinsa na gilashi, madubi ɗan ƙarami maƙale a ido ɗaya, agoguna sun kewaye shi, kowanne da lokacin da ya ga dama.

"A'a, Malam da kansa? Ai 'yarka ta ce ita za ta biyo ta karɓa."

"A fuskarta za ta sa?"

"Allah ya huci zuciyarka. Ga shi, na sa masa sabon ƙusa. Gwada mu gani."

Yana sawa. Duniya ta yi tsalle ta matso. Kaifi ko'ina — rubutun alluna, tsagar bango, ƙudan da ke kan gilashi. Mako uku yana zaune cikin hazo har ya saba, yanzu komai ya fito da baki da hanci, kuma ba abin da ya yi kama da wanda ya sani. Wannan shagon da can shuɗi ne? Wancan benen yaushe aka… Kada ka biye wa ido. Ido ne ya kai ka tashar mota wancan karon, ka ga wani kwano mai tsatsa ka ce na gidanka ne. Wani agogo ya ce sha ɗaya da kwata, wani ya ce uku. A ɗauki na farkon. Akwai lokaci.

Ya juya. Ɗari uku. Ɗari biyu da casa'in da tara. Da takwas.

Nan ne wurin da babu kowa. Tsakanin Naftun da Yuranus taku ɗari da takwas, ba dutse, ba ƙura, sai duhu da sanyi. Hasken da ke isowa Duniya cikin minti takwas, sai ya yi awa huɗu a hanya kafin ya iso nan, ya iso a gajiye, ba ya ɗumama komai. Daga nan rana tauraro ce kawai, ta dai fi sauran haske. Yakan ce wa yara, ku juya ku dubi lemon. Malam, ba ma ganinsa! To, haka ne. Amma yana riƙe da ku, ko kun gan shi ko ba ku gan shi ba.

Ɗari biyu da sittin da… da huɗu. Da uku.

A wancan lokacin duniyoyin tara ne, ba takwas ba. Akwai Fuluto, taku ɗari uku da casa'in da biyar, bayan shingen makaranta, wajen da ake zubar da karyayyun kujeru. Shekarar da Auta ta shigo ajinsa, ita ya tura can. Don kada a ce malam ya ajiye 'yarsa kusa da rana, a inuwa. Je ki, ki tsaya, kada ki motsa sai na kira ki. Ta tafi, ɗankwalinta fari yana ƙanƙancewa. Ya yi bayani, ya yi bayani — ranar darasin ya yi daɗi, har shugaban makaranta ya tsaya saurare — aka kaɗa ƙararrawa, ya tattara yara, ya ɓare lemon ya raba wa na kusa. Ya shiga ofishin malamai. Ya yi makin littattafai. Ya hau kekensa ya koma gida.

Ina yarinyar? Marigayiya ce, ludayi a hannu. Malam, ina yarinyar?

A lokacin kansa lafiya lau. Abin da ke cinsa ke nan. Ba tsufa, ba faɗuwa a banɗaki, ba abin da zai jingina wa. Ya same ta a tsaye inda ya ce, rana ta karkata, leɓenta ya bushe, ko zama ba ta yi ba. Ba ta yi kuka ba sai da ta gan shi. Ka ce kada in motsa. Ya goya ta a keke, duk hanya hannunta riƙe da rigarsa ta baya… Shekaru bayan nan, da masana suka cire Fuluto daga jerin, ita ta kira shi a waya tana dariya. Baba, ka ji? Tsayuwar banza na yi, an ma cire ni daga lissafin. Ya yi dariya shi ma. Da ya ajiye wayar bai iya cin abinci ba.

Ya taɓa ba ta haƙuri kuwa? Da baki, ba da sabon takalmi ba? Ya kamata a ce ya tuna wannan.

Ɗari biyu da biyar. Lissafin yana nan, bai zube ba, ka gani? Tunani yana tafiya, baki yana ƙirga. Ɗari biyu. Ɗari da casa'in da biyar, da huɗu, da uku, da biyu. Yuranus. Dama.

Akwai kwana a dama. Ga ta. Sai dai… siririya ce. Mahaɗar da ya sani tana da faɗi, akwai mai faci a bakinta, da tayoyi a jibge. Wannan ba mai faci, sai wata tukunyar fure da ta fashe. Can gaba, da ɗan nisa, kamar akwai wata kwanar, kamar ma da tayoyi. Kamar. Ido ke nan, ya fara. Sau nawa ya gaya wa yara? In idonka ya ce rana ce ke tafiya, lissafi ya ce kai ne ke tafiya, wa za ka bi? Lissafi, Malam! Ɗari da casa'in da biyu aka ce. Mai faci yana iya tashi. Lamba ba ta tashi.

Ya karya dama.

Ɗari da tamanin. Ɗari da sittin. Layin shiru, gidaje sun juya masa baya, duk bango ne da ƙananan tagogi. Wani rediyo a wani ɗaki. Ƙugunsa ya fara magana, wajen da ya bugu. Lungun ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa — layinsu yana lanƙwasa ne? Wataƙila. Duk abin da ke sama ma a lanƙwashe yake tafiya. Naftun shekara ɗari da sittin da biyar take yi kafin ta zagayo sau ɗaya. Wanda aka haifa a can ba zai ga shekararsa ta cika ba. Me ya kawo wannan? Ƙirga dai.

Casa'in da biyar. Zuhalu. Kantin magani.

Injin niƙa ne, a rufe.

Ba komai, ba komai. A zuwa ma tela ya goce. Gaba. Tamanin. Saba'in — nan ƙaton nan ya tare shi, ina rumfar waldar, ina tartsatsin? Hamsin da biyu, bango. Tsoron nan ya fara biyo shi, ya san shi, ya taɓa zuwa sau biyu. Kada ka tsaya. In ka tsaya ya kama ka. Talatin. Ashirin. Yanzu za a shiga ɗumi, yanzu huɗun gida za su fito a jere. Sha biyar, famfo… sha biyar… Goma. Bakwai. Huɗu.

Uku. Biyu. Ɗaya.

Bango ne. Dogon bango mara fenti, an kafa fasassun kwalabe a kansa. Ko ƙofa babu.

Yana tsaye, makulli a hannu — yaushe ya ciro shi? Ya miƙa shi gaba kaɗan, kamar bangon zai ji kunya ya buɗe. Lissafin daidai ne. Ya rantse daidai ne, bai tsallake ko ɗaya ba, bai amsa gaisuwar kowa ba. Ɗari uku ya tafi, ɗari uku ya dawo. To ina rana? Wa ya ɗauke…

A sake gwadawa. Ya ɗaga ƙafa, ya yi taku ɗaya, yana kallon ƙasa, da sabon tabarau da ba ya ɓoye komai. Ya sake ɗaya.

Diddigen dama ko yatsun hagu bai wuce ba.

Ya sake. Haka dai. Takalmin ba ya ma barin ƙasa, ja yake, shuu, shuu, kamar mai share tsakar gida. Wannan ne takun? Marigayiya ta taɓa auna masa da tef ɗinta na ɗinki, tana durƙushe, fil a baki — inci talatin, Malam, kamar raƙumi. Da wancan takun aka auna layin. Da ƙafar mutumin da ke hawa keke, mai tsallake kwata ba ya dubawa. Lambobin suna nan, ba su yi ƙarya ba. Ma'aunin ne ya tsufa. Shi da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan kunne: kafin ku auna komai, ku duba abin awonku…

Dariya ta taso masa, ta tsaya a ƙirji, ta zama tari.

To. To, a yi tunani. Ba ɓata ya yi ba, kuskuren awo ne, kuskuren awo kuwa ana gyara shi. In takun ya koma rabi, ɗari da takwas ɗin da ya yi kafin kwana, a gaskiya hamsin da… hamsin da… rabin ɗari da takwas. Rabin ɗari, hamsin. Rabin takwas… Ga shi nan, yana ganinsa, kamar kifi a ƙarƙashin ruwa. Rabin takwas. Yaran aji biyu suna faɗinsa da waƙa.

Bari ya zauna tukuna. Akwai wani bulo a gindin bango. Minti ɗaya kawai, ƙugun ya lafa.

Inuwar bangon ta tsuke, ko gwiwarsa ba ta rufe ba. Sha biyu ta kusa, ko ta yi. Tana hanya. Ko tana bakin ƙofa, tana ƙwanƙwasawa, tana leƙa taga, tana kiran Baba, Baba, da muryar nan da take siririncewa in ta tsorata. Abu mai sauƙi ne: ya koma bakin lungun, ya wuce gaba zuwa kwana ta gaskiya, mai tayoyi. In ya yi sauri zai ce mata ya ɗan fita miƙe ƙafa ne. Ya tashi, dafe da bango.

Ta ina ya shigo?

Dama, lungu ya lanƙwasa, bango da ƙananan tagogi. Hagu, lungu ya lanƙwasa, bango da ƙananan tagogi. Kafin ya zauna bangon yana hannunsa na… ya juya ne da zai zauna, ko bai juya ba? Taku ɗari da casa'in da biyu, wannan ya sani. Amma ta wane gefe? Bai taɓa koyar da gefe ba. Nisa kawai. Duniya tana iya kasancewa gabas da rana ko yamma da ita, nisan ɗaya ne, don haka ba wanda ya taɓa tambaya, shi ma bai taɓa…

Ya koma kan bulon. Gumi yana shiga masa ido. Hankici — yana aljihun ciki. Yatsunsa sun taɓo wani abu mai tauri, ɗan kati, an naɗe shi da leda an liƙe. Ba nasa ba ne. Ya ɗago shi kusa da tabarau.

Rubutun Auta ne. Shi ya koya mata wannan hannun, yadda take karkata harafi kamar mai sallama.

Wannan mahaifina ne. Tsohon malami ne. Yana mantuwa. Don Allah kada a yi masa tsawa, kada a ce masa ya ɓata. A kira wannan lamba, zan zo.

Gefen katin ya lanƙwashe, ledar ta yi fari-fari. An wanke rigar nan da shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tun yaushe yake yawo da shi a ƙirji? Tun kafin na biyun? Tun kafin na farkon? Kada a ce masa ya ɓata…

"Baba, lafiya? Wa kake nema?"

Wata mata ce, bokiti a hannu, ta tsaya nesa kaɗan, ta sunkuyo. Waya tana leƙowa daga bakin jakarta. Idonta ya sauka a kan katin.

In ya miƙa, Auta za ta zo. Za ta zo da gudu, ba za ta yi faɗa ba, za ta riƙe masa hannu a tsallaka titi — daga nan kwali biyu. In bai miƙa ba… hagu, ko dama. Yana iya dacewa. Rabi da rabi ne. Rabin takwas…

"Baba?"

Hannun ya ɗan tashi daga cinya, ya tsaya a hanya. Nauyi gare shi, ɗan katin nan. Bari dai ya huta tukuna. Bari ya ɗan…